Faya-fayan tekno sun iso daga Jamus, amma kiɗan yana jan ƙafa

Nura Mai Caji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin sauti ku taimaka, kaina ya kulle. Ina wani ƙauye ne a yankin Ringim, ina da shagon cajin waya, kuma ni nake sa kiɗa idan ana biki. Ɗan wan babana yana Jamus, uwarsa ce ta riƙe ni, shi ya sa ba ya mantawa da ni. Da wani abokinsa zai zo gida sai ya ba shi faya-fayai 14 na tekno da hawus, wato kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, ya kawo min, duka fitowar bana, uku ma ba rubutu a jikinsu sai farar takarda da hatimi. Na sayar da tunkiyata na je Sabon Gari a Kano na sayo garmaho na gwanjo. Matsala uku: kiɗan yana tafiya a sanyaye kamar batir ya mutu, akwai gurnani a sifika, kuma allura tana tsalle da zarar na ƙara murya. Faifai biyu sun ɗan lanƙwashe. Saura kwana 12 bikin da na karɓi kafin alƙalami. Kuma ta ina zan riƙa sanin sababbin da ke fitowa?

Injiniya Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin tunkiya amma ba ka faɗi sunan garmahon ba. Sai dai ko ba ka faɗa ba na san ciwon. Faya-fayan tekno masu inci 12 da yawansu a kan gudun 45, wato zagaye 45 a minti, ake yanka su, kai kuma ka bar shi a kan 33. Faifan da ya kamata kiɗansa ya yi bugu 130 a minti zai sauko wajen 96. Danna maɓallin 45, magana ta ƙare. Gurnani kuwa, duba bayan na'urar, ban da jar waya da fara akwai wata siririya mai baki kamar cokali mai yatsu. Wayar ƙasa ke nan. Ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND a jikin miksa. Kuma kada ka soka garmaho a ramin makirfo ko na layi. Raminsa daban ne, an rubuta PHONO. Lokacin yanka faifai ana rage bas ana ƙara siririn sauti da gangan, wannan ramin ne yake mayar da su daidai. In miksarka ba ta da shi, sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke wannan aikin ka sa a tsakani.

Nura Mai Caji: Injiniya na gode, amma na gwada 45 ɗin. Wasu sun ɗan gyaru, wasu sun koma kamar ana kora su. Babu wanda ya yi daidai da yadda nake jin irin wannan kiɗa a waya. Kuma garmahon lafiyarsa lau, a gabana mai shagon ya kunna shi. Ya ma haɗa min da ɗan taransifoma kyauta saboda na wuta 120V ne.

Malama Rabi (Gumel): Malam Nura, ai ka faɗi abin da ya kamata ka fara da shi. Juya na'urar ka karanta rubutun da ke bayanta. In ka ga 120V 60Hz, kayan Amurka ne. Wutarmu 50Hz ce, taransifoma kuwa ƙarfin wuta kawai yake saukewa, ba ya taɓa wannan. Tsofaffin garmaho masu bel da yawa motarsu da bugun wutar take lissafin gudu, don haka za ta yi kashi biyar cikin shida na gudunta. 33 da sulusi zai zama kusan 28, 45 kuma 37 da rabi. Faifan hawus mai bugu 126 zai fito 105. Shi ya sa kowane maɓalli ka danna ba ya zama daidai. Gwaji ba ya cin ko sisi: manna ɗan salatif a gefen farantin da faifai ke hawa, sa agogon waya, ka ƙirga zagaye. A kan 33 dole ka samu zagaye 100 cif a minti 3. In ka samu 83 ko kusa, wannan ce matsalar. Magani biyu ne, ko a canza ɗan ƙarfen bakin mota da bel ke hawa da na 50Hz, ko ka samu inbata mai ba da 120V 60Hz ka ɗora a batir.

Injiniya Habu: Malama, da girmamawa, wannan karatun littafi ne. Masu motar DC ba ruwansu da 50 ko 60, kuma su suka cika kasuwa. Bel ne ya saki. Roba ce, ta yi shekaru a kwantena. Ya cire farantin, ya goge bakin motar da sifirit, ya sa sabon bel. In bel ya bar baƙi a yatsa to ya mutu. Amma ni gaskiya shawarata ya bar wahalar nan gaba ɗaya. Garmaho mai bel ba na dije ba ne, ka taɓa faifan da hannu sai ya ɗau lokaci kafin ya dawo gudu. Ba banza ba kowa ya rungumi garmahon Technics SL-1200 tun fitowar samfurin MK2 a 1979, motarsa a ƙarƙashin farantin take kai tsaye, kuma tana riƙe gudunta ko janareta na tari. In ba ka da kuɗinsa, filash ya fi maka.

Ɗanlami Sauti: Duk kun bar janareta a baya. Ƙaramin nan mai cin mai haɗe da baƙin mai ba ya tsayawa a 50 ma, ana jona cajar waya ashirin zai sauka, a cire ya haura. In motar irin wadda Malama ta ce ce, kiɗan zai riƙa lilo. Inbata mai arha kuma ita kanta tana sa ƙugi a sifika, sai mai tsabtatacciyar wuta. Tsalle kuwa, ɗora kwabo a kan allurar. Amma wa zai yi rawa da wannan a ƙauye fisabilillahi? Mutanen da minti biyu ba su ji murya ba sai su aiko yaro a canza, kuma a gama biki cikon kuɗinka sai ka yi ta sintiri har amarya ta haihu.

Malama Rabi (Gumel): Kada ka sa kwabo. Zai danne allura ta ci ramin faifan, kuma waɗannan ba a buga su da yawa, galibi 'yan ɗaruruwa ne, in ya lalace ya tafi. A bayan hannun da ke riƙe da allurar akwai dunƙulen ƙarfe mai lambobi. Juya shi har hannun ya tsaya a iska bai hau bai sauka ba, mayar da zoben lambar sifili, sannan ka murɗa zuwa nauyin da aka rubuta wa kan allurar. Na gida yawanci wajen giram 2 ne, na dije 3 zuwa 4. Kuma tunda sai ka ƙara murya yake tsalle, bas ne ke girgiza teburin. Sauke sifika ƙasa, nesa, bakinta na kallon wani gefen. Garmahon kuma ɗora shi a kan bulo ko buhun yashi.

Nura Mai Caji: Maganar filash ba ta taso ba, da shi nake aiki shekara da shekaru. Waɗannan a faifai kaɗai suka fito, shi ne daɗin abin. Kuma samarin garinmu suna so, ba kamar yadda Ɗanlami ke faɗa ba. Janareta na sabo ne. Ni ina ganin allura ce. Lanƙwasassun fa? Wani ya ce in sa su tsakanin gilashi biyu a rana.

Injiniya Habu: Ranar Jigawa? Za ka ɗauko faranti mai santsi. Faifan zai miƙe, ramukan su narke. A ina ka ajiye su tukuna? In a shagon kwano ne, a kwance, wani kan wani, to sauran 12 ma suna hanya. A tsaye ake jera su kamar littattafai, a ɗakin ƙasa mai sanyi, cikin rigarsu. Hunturu na zuwa, ƙura za ta cika ramukan ka riƙa jin ƙas-ƙas. Buroshi mai laushi kafin kowane sawa, wanki kuma da ruwan da aka tace na batir, wanda ba asid, da tsumma mai laushi kana bin zagayen. Ban da omo, ban da ruwan rijiya.

Sadiya B.: Tambayarsa ta ƙarshe ba wanda ya taɓa. Malam Nura, bi kamfanonin da suka buga, ba mawaƙa kaɗai ba. A Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, in ka bi kamfani za a turo maka saƙo duk ranar da ya saki sabo. Shagunan faifai irin su Hard Wax na Balin da Juno na Landan suna jera sababbi a shafukansu da ɗan guntun sauti ka saurara kafin ka ce wa ɗan uwanka ya saya. Masu farar takardar nan, karkata faifan a haske, a filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya za ka ga haruffa da lamba an ƙarta da hannu. Rubuta su a Discogs, shafin da ke tattara bayanan faya-fayai, sau da yawa zai ba ka sunan, da shekarar, da ko 33 ne ko 45. Kuma duba da kyau, wasu da ake cewa faifai kaɗai suna da na saukewa. Waƙar minti 7 a WAV, wato sautin da ba a matse ba, tana cin wajen MB 70, a MP3 mai 320 kuma wajen 17, ka san wanda datarka za ta ɗauka.

Injiniya Habu: Ka ji ko. MB 17. Tunkiya guda.

Nura Mai Caji: Allah ya saka. Jibi zan shiga Kano in sayo sabuwar allura, in ya so in gani. Nawa take yanzu?

Malama Rabi (Gumel): Malam Nura, ka ƙirga zagayen kuwa? Nawa ka samu a minti 3?