Me ya sa Ferrari 275 GTB ta kai giyabos baya?

Ɗalibin injiniya:
Assalamu alaikum. Ferrari 275 GTB ta 1964 injinta a gaba yake, amma giyabos yana baya a haɗe da aksul. Mece ce ribar hakan? Kuma daga ina karkarwar da ake cewa na farko-farkon suna yi take tasowa?

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Maganar nauyi ce, ɗana. Injin V12 ne, wato mai silinda 12, mai lita 3.3, ga tsawo ga nauyi. Idan ka ƙara masa giyabos a gaba, goshin motar zai rinjayi bayanta, ta riƙa gardamar shan kwana, tayoyin baya kuma su kasa kama titi idan an taka totur. Da suka mai da giyabos mai giya 5 baya, sai nauyin ya kusan rabuwa daidai. Abin da ya ba su dama shi ne kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, don haka aksul a ɗaure yake jikin shasi, ba ya hawa da sauka. Motar doguwar tafiya da gudu ce, dole ta zauna daram.

Mai gyaran giya:
Baba ya faɗi gaskiya, amma gyaran ya zo da nasa ciwon. Kuloci yana nan a jikin inji, saboda haka farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa giyabos, tana juyawa da gudun inji a kowace giya, har sama da juyi 7,000 a minti. A motocin farko siririn ƙarfe ce mai boris ɗaya a tsakiya, inji da giyabos kuma kowanne da mazauninsa daban. Da zarar robar mazauni ɗaya ta saki, layin ya goce, sai karkarwa, daga nan boris ya ci kansa. Canza boris kaɗai ɓarnar kuɗi ce. A fara da robobin, a sa agogon awo a daidaita bakin kuloci da bakin giyabos, sannan a ɗaure.

A 1966 suka rufe farfelar cikin ƙaƙƙarfan bututu wanda ya haɗe inji da giyabos suka zama abu guda. Wannan ne maganin gaske. Kuma kada a tilasta giya ta biyu da sanyin safiya, a bari man giya ya ɗumama.

Mai bodi:
Malam, har bodin sai da aka taɓa. Kamfanin Pininfarina ne ya zana, kamfanin Scaglietti ya ƙera a garin Modena na Italiya. Gajeren goshin farko yana barin iska ta ɗaga gaba a babban gudu, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. A ƙarshen 1965 aka tsawaita goshin, aka rage bakin shan iska.

Ɗalibin injiniya:
Na gode ƙwarai. To GTB/4 fa, samfurin 275 da ya biyo baya, ita ma da bututun ta fito?

Mai gyaran giya:
E, tun fitowarta a 1966. Kamshaf 4, kafireta Weber 6, ƙarfin doki 300, baƙin mai kuma a tanki na daban yake, ba a kaskon ƙasan inji ba.