Jarumata malamar zaɓe ce: ku faɗa mani abin da kuka gani da idonku daren ƙidaya

Marubuciya, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin rubuta wani labarin siyasa irin mai sa zuciya dukan uku-uku ɗin nan, jarumar malamar firamare ce bazawara da aka ɗauka aikin zaɓe na wucin gadi, kuma takardar sakamakon rumfarta ce za ta raba gardama tsakanin 'yan takara biyu. Wanda zai ce rumfa guda ba ta isa ba ya tuna 2019, an yi zaɓen gwamnan Sakkwato 9 ga Maris aka ce inkonkulusib, aka koma 23 ga Maris, Tambuwal ya wuce Ahmed Aliyu da ƙuri'a 342 kacal a jiha mai ƙananan hukumomi 23. To na iso babin daren ƙidaya na tsaya cak, duk abin da na rubuta sai mota na bin mota ana harbi, ni kaina ban yarda da shi ba. Ni dangwalawa kawai nake in koma gida. Waɗanda suka yi aikin ko suka tsaya har dare, don Allah me ke faruwa daga rufe layi zuwa kai takarda wurin tattarawa, musamman in mace ke riƙe da ita? Ban da sunan mutum, ban da sunan jam'iyya.

Malama, Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Cire bindigag ga tukuna. Ni na yi mataimakiyar shugabar rumfa 25 ga Fabrairu 2023, lokacin wahalar takardun kuɗi, ko na kabu-kabu sai da nir ranta. Mun kwana makarantar da aka rabon kaya, bisa benci, da asuba anka loda mu da akwati ukku, na shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai. Shugabarmu 'yar bautar ƙasa ta, daga kudu, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, saboda haka dut wanda ka son magana gare ni ya ka zuwa.

Ƙarfe 2:30 anka tsaida layi, wanda ke ciki shi yi, wanda bai iso ba sai haƙuri. Muna gama na ƙarshe, muna shirin soke ƙuri'un da ba a yi amfani da su ba (ana ja masu layi kahin a buɗe akwati, ki sa wanga cikin littahinki don nan ne wasa ka farawa), sai ga wani dattijo da babbar riga, aminin mahaihina na, Allah jiƙan tsohona, shi ne ma yab biya mani kuɗin jarabawa wata shekara. Sai da nid durƙusa nig gaishe shi gaban kowa. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, cewa yay yi ɗiyata, ga mutanenmu da yawa ba su samu hitowa ba, ragowag ga kar ta lalace banza, ki gaya ma yarinyag ga ta je ta sha ruwa. Wallahi gara a nuna mani adda da wanga magana. Mai adda ka iya yi mashi kuwwa, wanga hwa ƙaƙa za ki yi da shi?

Abin da yac cece ni na'ura ta. Nic ce Baba, BVAS ta riga ta ƙidaya mutum nawa anka tantance, in ƙuri'a ta hi su ko da guda za a soke rumfar baki ɗaya, har da na mutanenku da sunka sha rana. Ban ce ba ni yi ba, na ce ba shi yiwuwa. Yay yi shiru yana kallona, yac ce Allah shi yi maki albarka, amma da irin muryar da kin san ba albarkar ba ta. Hannuna na rawa har na shahe hijabina da tawadar dangwale, tana nan ba ta hita ba.

Tsohon ejan, Kanwuri:
Malama ta faɗi gaskiya. Na yi ejan tun zamanin da babu na'ura, na ga zuwan kad rida mai karanta katin zaɓe a 2015, na ga BVAS. Marubuciya ki san takardar nan da kyau don ita ce kashin bayan labarinki. Sunanta EC8A, ana ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi jama'a na amsawa, shugaban rumfa ya rubuta adadi da lamba kuma ya rubuta da kalmomi, ya sa hannu ya buga hatimi, mu ejan-ejan mu sa namu, a ba kowa kwafi har ɗan sanda, a ɗauki hotonta da na'ura a tura shafin intanet na hukumar zaɓe, IReV, sannan a liƙa sakamakon a bango. Daga nan ta tafi mazaɓa a zuba a EC8B, ƙaramar hukuma EC8C, jiha EC8D. Dalilin rubutu da kalmomi, 1 ba ta da wuyar komawa 7 in biro ya samu mai hannu a cikin mota.

Abin da ba na mantawa wata tsohuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli. Magariba ta yi, ba wuta, wasu suka fara cewa a ɗauki akwati a je a ƙirga inda ke da haske. Ni kaina da nake ejan na fara lissafin hanyar gudu. Tsohuwar nan ta shimfiɗa ɗankwalinta a gaban teburi ta zauna, ta ce nan na jefa nan za a ƙirga, ta ƙwala wa matan layinsu kira, sai ga su sun zagaye teburin kowa da tocilar waya. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta sa jikanta ya karanta mata abin da aka liƙa har ta gamsu ya yi daidai da abin da kunnenta ya ji. Samarin da aka turo sun kasa ratsa su, wa zai ture sa'ar kakarsa a unguwarsu gobe ya fito?

Ɗan kabu-kabu, Minanata:
Anti ni dai ban san fom ba amma na taɓa ɗaukar takardar 😂 Wani zaɓe na, motar da za ta kwashi ma'aikata ta tsaya can bakin titi don eriya boyis sun tare bakin lungu da gorori, suna jiran a hito da akwati. Wata malama ta yahito ni ta bayan makaranta, riƙe da kular abinci, tac ce yaro kai ni inda motag ga take amma kar ka bi gabansu. Munka bi lungu-lungu ta cikin yashi, ɗan sanda guda na biye da mu bisa wani mashin. Ko uffan ba ta ce ba, sai dai ina jin hasbunallahu a bayana har munka isa. Sai da tas sauka tab buɗe kular nig ga takarda ninke cikin leda, bisa sauran shinkafa. Da na san abin da nid ɗauko aradu da kuɗin sun ƙaru.

Ɗalibar shari'a, Danfodiyo:
Yaya marubuciya, ni sa ido na yi a zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, an kai ni wurin tattara sakamakon wata mazaɓa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wurin ke da gajiyarwa, mutane zaune a aji ana kiran rumfa ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare, kalkuleta, janareto na tari, kowa ido ya yi ja. A cikin wannan gajiyar ake so a wuce da abu. Wata 'yar bautar ƙasa aka karanta lambar rumfarta ba daidai ba, ta ɗaga hannu, aka ce zauna kuskuren baki ne za a gyara, ta ƙi zama, ta tsaya tsaye da kwafinta har sai da aka sake karantawa kuma ta leƙa ta ga an rubuta. Ba ihu ba zagi, tsayuwa kawai, amma ajin nan sai da ya yi tsit.

Ga kuma abin da zai miki amfani. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, a sashe na 65 ta ba hukumar zaɓe kwana 7 ta sake duba sakamakon da aka bayyana bisa tilas ko ba bisa ƙa'ida ba. Kin ga ko an tsare jarumarki an sa ta sa hannu dole labari bai ƙare ba, agogo ne ya fara bugawa, kwana bakwai ta kai hujja inda za a saurare ta alhali waɗanda suka tilasta ta sun san gidanta. Kuma kar wani ya ce miki mace ba ta kai wannan matsayi, a Abiya Farfesa Nnenna Oti ce babbar jami'ar bayyana sakamakon gwamna a 2023, an dakatar da tattarawa kan rigimar sakamakon Obingwa sai 22 ga Maris ta bayyana. A Adamawa kuma a watan Afrilu kwamishinan zaɓe ya tashi ya bayyana Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna tun ba a gama tattarawa ba, hukumar ta ce ba shi da hurumi ta soke. Can mace ce 'yar takarar, amma ƙa'ida ba ta gefenta. Wannan ma darasi ne ga mai rubutu.

Hajiya, Runjin Sambo (jikata ka rubuta mani):
Ɗiyata Allah shi ba da sa'a. Ni 1979 nif fara jefa ƙuri'a, zaɓen Shagari, da lulluɓi munka tahi bayan an roƙi maigida. Ku yaran yanzu ba ku san matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, jamhuriya ta farko dut maza ka zaɓe, kuma a kan wanga magana Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka. Nan garin kuwa tun kahin boko Nana Asma'u ta naɗa jajis da malfa tana aika su ƙauyuka su karantar da mata, to mace mai tsayuwa ba baƙuwa ta ba a Sakkwato, ba sai kin sa mata wando da tabarau ba.

Amma ina da ja guda. Naga kowa na yabon mata, to ki rubuta gaskiya. Wa ka shiga gida-gida da dare da atamfa da sabulu da taliya? Mu na. Shugabar mata ta unguwa ita ka riƙe da jerin sunaye, ita ta san wadda mijinta ba shi da aiki da wadda ka aurar da ɗiya. Na gani da idona a layi, mace na ɗaga takarda wai tana gyaran mayahi don wadda ke tsaye can ta ga inda tad dangwala. Ni an kawo mani turmi na amsa na dangwala inda raina ya so, ban ɓoye ba. In kin tashi yi ma jarumarki abokiyar gaba ki sa mace cikinsu, wadda sunka yi makarantar allo tare.

Malam, Arkilla:
Duk kun tsaya a daren, ni gobe da jibi nake so a faɗa. Uwargidana ta yi aikin nan, ta ƙi wani abu da aka nema, ba sai na fayyace ba. Ba wanda ya taɓa ta. Amma maƙwabciyar da ke aiko mana da hoce ta daina, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa, da muka yi suna rabin layinmu ba su leƙo ba, ni kuma a majalisa da na zauna sai hira ta koma ta ƙwallo. Wani ma ya tare ni bayan sallar isha'i wai ka kasa riƙe gidanka. Sai raɗe-raɗi ya fara yawo cewa ɗaya ɓangaren ne suka saye ta, har kuɗin ana faɗi, alhali waɗancan ɗin ko na gode ba su ce ba don su ma ba su ci rumfar ba. Ta fi shan wuya a wannan fiye da ranar zaɓen, akwai daren da na farka na same ta zaune tana duba hoton takardar a waya wai ko ita ce ta yi ba daidai ba. Kuma don Allah kar ki mai da mijin ko wan jarumar dodo kamar yadda aka saba, wani yana bayanta, tsoro ne kawai yake ji kamar kowa.

Marubuciya, Mabera:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na yage babin harbin. Hajiya na ji, aminiyar makarantar allo ta shiga. Malama tambaya ɗaya, in babu sabis a ƙauyen fa, hoton takardar ya yake tafiya? So nake in san ko zan iya riƙe mai karatu a nan.

Malama, Gidan Igwai:
Awo kina iyawa. Hoton na nan cikin na'ura, sai an samu sabis shi tahi, mu sai da munka hito bakin titi ana ɗaga ta sama. To tsakanin rumfa da inda sabis yake, takarda da na'ura dut suna hannun mutum guda, ga caji na ƙarewa. Ki ba ta fawa bank amma ki sa wani ya are shi tun da rana bai maido ba. Dattijon nan kuwa har yau ina zuwa gaishe shi da salla, shina amsawa, bai taɓa tada zancen ba ni ma haka. In kin kai babin ki turo mani in duba maki fom ɗin kar ki sa hatimi inda ba shi ba.