Me ya sa mawaka ke wa kwaya waka kamar budurwa?

Jama'a na lura wasu mawakan waje in suna waka kan shaye-shaye ba sa kiran sunan kwayar, sai su ce ta rike ni, na kasa rabuwa da ita. Salo ne ko tsoro?

Salo ne malam, mutuntarwa kenan. An ba kwaya hali irin na masoyiya mai yaudara, ta yi maka dadin baki yau gobe ta kwace komai, ai haka jarabar take.

Ni amshin irin wadannan wakokin ya fi burge ni wallahi, layi daya ake ta nanatawa har ka gaji, kamar yadda mai shan yake cewa yau ne karshe kuma gobe ya koma.

Akwai tsoro ma fa, wasu gidajen rediyo ba za su sa wakar da ta ambaci hodar iblis karara ba.