Musayar Waƙa: Wane Littafi Ne Ya Taɓa Hana Ka Barci?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a, kwana biyu zauren nan yayi tsit kamar an ɗauke wuta, to yau na zo da rigima. Kowa ya faɗo littafin da ya taɓa hana shi barci amma a waƙe, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, wato baiti mai layi biyu ko huɗu, duk wadda ta zo maka, sharaɗi ɗaya ne amsa-amo "tu" ne, wanda ya karya zai sa ma wanda ya biyo bayansa kati a waya. Bari na buɗe.

Da sunan Rabbu zan buɗe batu,
Wanda farkon umarninsa karatu.

Ina aji huɗu an ba mu hutu,
Na je bincike a ƙasan akwatu.

Ruwan Bagaja ne, bango ya mutu,
Ɓera ya ci gefe, ya bar rubutu.

Imam da Malam Zurƙe ba sa hutu,
Wannan ya ɗana, wancan ya jikkatu.

Gobe ya rama, sharrin ya ingantu,
Ni ko dariya kamar in mutu.

Kananzir ya ƙare ina kan karatu,
Inna ta ban kashi, jiki ya daddatu.

Baba Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka fara da kyau amma "daddatu" ɗin nan a wace Hausar ka samo shi? Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli ban taɓa jin sa ba. Na bar ka dai don kai ne mai gida. Ga nawa, kuma ku riƙe tarihin don yaran yanzu ba su san daga ina abin ya taso ba.

A 1933 aka sanya gasa,
Daga Zariya takarda ta isa,
Bature Rupert East ya ce malamai a ƙago da Hausa,
Labarin da zai ja yara ga karatu.

Biyar aka buga, ka riƙe lissafi,
Akwai Ganɗoki, mayaƙi mai ƙarfi,
Bello Kagara ne mai wannan littafi,
Wa da ƙanensa Imam mai Ruwan Bagaja sun kara a rubutu.

Nawa Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa,
An sace yaro tun bai san kowa,
Uwa ta bi sawu, ta koma baiwa,
Ta ratsa sahara, ta gan shi, ta mutu.

Daren da na kai nan ban runtsa ba,
Na rufe littafin ban iya ajewa ba,
Bai yi ado ba, bai ja zance ba,
Gajere ne, amma zuciya ta motsu ta taɓu ta karyatu.

Amma na yanzu, na 'yan kasuwa,
Mota da leshi da kukan rabuwa,
Alhaji mai kuɗi da 'yar budurwa,
Wannan ba shi nake kira karatu.

Uwar Biyu:
Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma. Wlh na so in yi shiru don ba'a jayayya da babba amma baitin ƙarshen nan ya tsaya min a wuya, kuma kafin in fara "karyatu" ɗinku ma ƙanwar "daddatu" ce, har layin ya fi ƙofar gari tsawo. Ayi min afuwa.

Baba da girmanka zan ɗan taɓa batu,
Ni 'yan kasuwar ne suka ban karatu.

An cire ni a aji biyu, an ce in yi hutu,
Hutun ɗakin miji, babu sauran rubutu.

Yaron maƙwabta nake aike ya sato,
A'a, ya karɓo haya, kar ku ce na ɓatu.

Kwana ɗaya ake ba ka, gobe ka mayar,
Ina tuƙa tuwo ina haɗa baƙi har ya karantu.

Kafin mu akwai Hajiya Hafsatu,
So Aljannar Duniya, 1980 ya bugu ya yaɗu ya karantu.

Boɗaɗo 'yar Fulani ta ce Yasir take so,
Dangi suka ce sam, ita ko ba ta tankwasu ba balle ta karkatu.

Sannan Rabin Raina na Talatu,
Shi ya buɗe ƙofa mata suka shigo rubutu.

Na san na karya a wurare, a rubuta min bashin katin. Amma wanda nake so kowa ya nema shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat, kuma shi sai na yi masa ƙwar huɗu don ya cancanta.

Rabi na da 'ya'ya tara a gida,
Alhaji Abdu bai ba ta na miya,
Ya kwaso Delu ya ce ita ce amarya,
Ya kori uwar gida har da su Saudatu.

Ba ta zauna kuka ba, ta ɗora tukunya,
Ta sai da abinci ta riƙe zuriya,
Kuɗin makaranta, sabulu, tsintsiya,
Da guminta yaran nan suka wadatu.

Gobara ta ci shago, Delu ta tsere,
Ya dawo yana lallami a karkace,
Aka taru a kan Rabi wai ta daure,
Nan ne na jefar da littafin, raina ya ɓatu.

Baba ina mota ina leshi a nan? Wannan rayuwar layinmu ce, kowace unguwa akwai Rabi. Ƙarshen ya ban haushi sosai don ni na so ta ce masa ya kama gabansa, amma da na girma na gane marubuciyar ba abinda muke so ta rubuta ba, abinda ake yi mana ta rubuta. Kuma littafin nan da kuke cewa na kasuwa har Indiya aka buga fassararsa da Turanci a 2012.

Baƙon Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa, ku bari in shiga tsakani kafin a fasa zauren. Ni "tu" ɗin nan ta fi ƙarfina, kun cinye karatu da rubutu da hutu kun bar mu da kututtu, don haka na sauya, katin kuma sai dai in biya da sefa.

A lakwal (makaranta) mushe (malami) Faransanci ya koya mana,
Hausa a baki take, ba a kan allonmu na.

Kawu direba ne, Kano yake kwana,
Ta Daura da Matamaye yake dawo mana.

Ran nan ya sauke buhu, ya ce ku zo ku gani na,
Magana Jari Ce, uku cif ya ɗauko mana.

Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son fita,
Waziri na ƙulla sharri, aku ya ce zauna.

Kullum dare sai ya ja shi da labari,
Kafin ya farga gari ya waye, an yi rana.

Mu ma haka kawu ya riƙe mu a tabarma,
Ya kai wurin daɗi ya rufe, sai gobe in muna da rai da kwana.

Da na karɓa da kaina na sha mamaki,
Harshen da nake mafarki da shi ga shi a takarda, nawa na kaina.

Abin da ya ɗaure min kai lokacin shi ne mu nan muna rubuta ƴaƴa da ƙugiya a kan y, ku kuma kuna sa ɗan alama a gaba, na ɗauka kuskuren maɗaba'a ne har na bi littafin kawu da biro ina gyarawa, ranar na sha mari.

Baba Malam na Tudun Wada:
Hhhh kai ɗan Damagaram ka gyara ma Abubakar Imam mai Magana Jari Ce rubutu! Allah ya jiƙansa, shi ne fa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta a 1939. Kuma da yawa cikin labaran akun nan daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya ya ɗebo su, amma ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne, wannan ita ce gwaninta. Na uku ma ka sake dubawa inda aku ya zama waziri yana koyar da ɗansa Fasih, ni shi na fi so.

Autar Zaure:
Ina wuninku iyayena, ni dai duk waɗannan sunansu kawai nake ji a jarabawa, kar a min dariya.

Ni a waya nake nawa karatu,
Cikin bargo, haske a fuska, ba hutu.

Marubuciya ta ja mu har mun shaƙu mun nutsu mun zautu,
Shafi ashirin ta ce a biya, in ba haka ba an rufe batu.

Na tura kuɗi an sa ni a gidan WhatsApp na masu karatu,
Jarumar na asibiti, data ta ƙare, ban san ko ta mutu.

Gajerun Hikayata na BBC su nake jira duk shekara,
Tun 2016 mata ke fafatawa, a nan na ga ana tace rubutu.

To ku faɗa min tsakani da Allah, da wanne zan fara cikin na da, wanda ba zai sa ni hamma ba?

Uwar Biyu:
Auta fara da In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, daga nan ki gangara Allura Cikin Ruwa na Anti Bilkisu Funtuwa, sai ki hau na su Baba a hankali. In kin fara da Ganɗoki za ki gudu, yaƙi ne tun daga farko.

Sumayya 'yar masu hali, Muhammad ba ko sisi,
Abdulƙadir ya zo da kuɗi, gida ya ruɗe ya zautu.

Aka ce dole sai shi, ta ce to ku gani,
Ta nufi rijiya... sauran ki nema ki karantu.

Baba Malam na Tudun Wada:
To tunda an zo nan bari in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, 'yata Uwar Biyu ki saurara.

Wata rana ina darasin nahawu,
Na hango yarinya kai a sunkuye can baya,
Littafi a cinya ta rufe da hijabi,
Na ƙwace, na ce gobe uban ki ya zo ayi batu.

Na kai ofis na jefa a durowa,
Aka tashi, ruwa ya tsare ni ban tafi ba,
Na ce bari in ga shirmen da ke cinye musu lokaci,
In Da So Da Ƙauna ne, na gyara zama na hau karatu.

Ruwa ya ɗauke ban sani ba,
Maigadi ya leƙo ya ce Malam lafiya,
Na ce ƙalau, ina duba jarabawa ne,
Alhali Sumayya ce a rijiya, hankalina ya ƙi kwantu.

Ban fasa cewa Shaihu Umar ya fi su ba, har gobe, kuma da yawansu ba'a tace su ba, ka ga an haɗe kalmomi an raba na haɗewa abin ya ɓata maka rai. Amma yarinyar nan da ba ta iya karanta sakin layi ɗaya a aji ba tare da in-ina ba, ita ce ta cinye littafi guda a ƙarƙashin benci, wannan ya daɗe yana damuna. Alhaki Kuykuyo kuma ban karanta ba, zan nema.

Uwar Biyu:
Allahu akbar, Baba ashe ana tare! Tambaya ɗaya, kun mayar mata da littafinta? Don in na haya ne wlh ita aka sa ta biya.

Baba Malam na Tudun Wada:
Yana nan cikin kwali tare da Imfiraji na Aliyu Namangi. Ban mayar ba, Allah ya yafe min.

Ɗan Fagge:
Hukunci: Baba ya karya amsa-amon ciki a zagaye na biyu kuma ya riƙe kayan mutane, kati biyu. Uwar Biyu kati ɗaya. Ɗan Damagaram ya gudu daga "tu" gaba ɗaya, nasa sai an yi canji. Duk a tura ma Auta ta sayi data.

Autar Zaure:
Na gode amma don Allah wani ya faɗa min, ta mutu a rijiyar ko an ciro ta?

Baba Malam na Tudun Wada:
In kin shigo Zariya ki biyo ki karɓa jikata, amma na ɗaya kawai gare ni, na biyun ban samu wadda zan ƙwace ma ba.