Kujerar direba a Accord 2005: baya yana ɗumi, wurin zama sanyi ƙalau

Baban Khalifa, Samaru:

Assalamu alaikum masana. Honda Accord 2005 ce, wadda ake yi wa laƙabi da EOD (End of Discussion), 'yar Amurka mai kujerun fata. Abin ɗumama kujerar direba ne ya lalace, daidai lokacin da hunturu ya kankama. In aka danna HI, fitilar makunnin tana kamawa, wurin jingina yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna, amma wurin zama sanyi ƙalau. In aka mayar LO, fitila tana kamawa, amma babu ɗumi ko'ina. Ta fasinja kuma wurin zama kaɗai ke zafi, bayanta ba ya yi. An ce in sayi wani makunni a Sabon Gari. Kafin in kashe kuɗi, daga ina ya kamata a fara? Kuma yana gyaruwa ba tare da an sauya kujerar ba?

Rewaya na Kwangila:

Wa alaikumus salam Malam. Ajiye kuɗin makunni tukuna, alamomin da ka zayyana ba nasa ba ne.

Ta fasinja dai lafiyarta lau. A wannan motar kamfani bai sa abin ɗumi a bayan kujerar fasinja ba, domin a nan aka shimfiɗa na'urar da ke gane zaman mutum saboda jakar iska ta gefe, wadda ke buɗewa in an yi haɗari. Kada kowa ya farke maka ita da sunan gyara.

Ta direba tana da shimfiɗa biyu a ƙarƙashin fata, ɗaya a wurin zama, ɗaya a baya, kowace da siririyar waya da aka lanƙwasa a ciki, wadda ke zafi idan wuta ta bi ta. A LO wutar tana shiga ɗaya ta fita ta shiga ɗayar, hanya ɗaya ke nan, shi ya sa zafin yake kaɗan, kuma in guda ta tsinke duka biyun sun mutu. A HI kowace tana karɓar wutarta daban, sai mai rai ta yi zafi, matacciya ta zauna. Abin da motarka ke yi ke nan. Ko dai wayar wurin zama ta tsinke, ko soket ɗinta a ƙarƙashin kujera ya saki. Fiyus ɗin, mai 20A ruwan ɗorawa da ke akwatin ƙarƙashin sitiyari, na kujerun biyu ne. Da ya ƙone da ko'ina ba zai yi zafi ba.

Gwajin ba wuya, amma a bi shi daki-daki. Tun batir yana haɗe, matsar da kujera gaba da baya ka sassauta notuna huɗu da ke riƙe da ita, sifana mai lamba 14 ke kama su. Ka tabbata kana da lambar sirrin rediyo, don in aka cire batir sai ta nemi lambar kafin ta sake magana. Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na negetif, ka jira aƙalla minti uku. Sannan ka kwantar da kujerar baya ka leƙa ƙasanta.

Soket ruwan ɗorawa na jakar iska ne. Kada mitar awon wuta ta taɓa shi ko da wasa, kuma kada a murɗa makulli yana cire, in ba haka ba fitilar SRS, ta gargaɗin jakar iska, za ta kama, sai an nemo mai kwamfuta ya goge.

Bi wayar da ta fito daga cikin soson wurin zama har zuwa soket ɗinta, ka zare. Duba bakin ƙarafunan: kore-kore alamar ruwa ne, galibi aikin masu wankin mota da ke sheƙa ruwa a kan kafet, roba da ta narke ko ta yi baƙi alamar haɗin ya yi sako-sako yana zafi. In soket yana da kyau, sa mita a kan om, wato awon yadda waya ke tauye wucewar wuta, ma'auni mafi ƙanƙanta, ka auna shimfiɗar baya tukuna tun da ka san tana aiki. Za ka ga 'yan om kaɗan, ƙasa da 10. Sai ka auna ta wurin zama. In mita ta nuna OL, alamar wuta ba ta wucewa, ko 1 a gefen hagu, waya ta tsinke. In tana nunawa tana ɗaukewa, danna soson da gwiwar hannu wuri-wuri kana kallon mita. Inda lambar ta yi tsalle, nan raunin yake. Da safe za ka yi wannan, mota tana inuwa. Akwai tamostat a cikin shimfiɗar da ke yanke wuta in kujera ta yi zafi, motar da ta sha ranar azahar tana iya nuna maka OL alhali ba abin da ya same ta.

Mai Kushin, Tudun Wada:

Oga Rewaya ya gama magana a ɓangaren wuta. Ni zan ƙara kan buɗe kujerar, don a nan ake ɓarna.

Fitar da ita waje gaba ɗaya, a shimfiɗa tabarma. Fatar tana maƙale ne da ƙugiyoyin roba a gefe, a tsakiya kuma da ƙananan zobban ƙarfe da suka kama sandunan waya da ke binne cikin soso. A yanke zobban da filaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fizge fatar da ƙarfi zai tumɓuke sandar daga cikin soso, kujera kuma ba za ta ƙara kwanciya daidai ba.

Fara duba gefen ƙofa, inda mutum ke murzawa wajen shiga da fita, sai kuma tsakiya in ana durƙusawa a kai da gwiwa. Kafin wayar ta tsinke takan sirance ta yi zafi fiye da kima, don haka za ka ga ɗigon ƙuna, ruwan ƙasa ko baƙi, wani lokaci har da ɗan rami a soso. In wuri ɗaya ne, a kankare bakin wayar biyu har su yi haske, a haɗa da guntuwar wayar tagulla mai silli-silli, santimita 3 zuwa 4, a yi dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Ban da salatif, zafi yana narkar da gam ɗinsa. A tura haɗin cikin tsagin soso yadda nauyi ba zai hau kansa ba. Soson da ya lotsa a gefen a cike shi, in ba haka ba wayar za ta sake karyewa a kusa da wurin. Wajen mayarwa, igiyar roba mai ɗaurewa tana maye gurbin zobban, a yanke bakinta a juya shi ƙasa.

Abu Hanifa, Gyallesu:

Malam Mai Kushin, a gafarce ni, dalma a kan wannan wayar ba ta cika daɗewa ba. Inda aka yi ta yakan sandare, sauran wayar kuma tana lanƙwasa duk lokacin da aka zauna, sai ta karye daidai bakin dalmar. Matse haɗin da ƙaramin bututun ƙarfe ya fi riƙewa. Kuma in ƙunar ta kai wuri biyu ko uku, ko an yanke waya mai tsawo, a haƙura da faci. Gajarta waya yana rage om ɗinta, wutar da take ja ta ƙaru: mai om 3 a kan 14V tana jan kusan amfiya 4.7, in ta koma om 2 sai ta ja 7, zafin kuma ya hau da rabi. Gara a nemo shimfiɗa daga kujerar Beljiyam a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da mita a auna ta a gaban mai kaya kafin a biya. Mai mota ya tabbata ta direba aka ba shi, tun da haɗin ta fasinja daban ne.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne yaron gareji ya tsallake tamostat ya haɗa kai tsaye, ko ya cusa waya a gurbin fiyus, ko ya sa mai 30A. Soso yana cin wuta. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka rage ji, ko yaro da ya yi barci, zai iya ƙonewa bai sani ba.

Baban Khalifa, Samaru:

Allah ya saka da alheri. An auna da safe: ta baya tana nuna lamba, ta wurin zama OL, soket kuma fes yake. Tambaya ta ƙarshe, akwai rigar kujera mai kauri a kai, tana da hannu a ciki?

Rewaya na Kwangila:

To waya ce, a kai wa mai kushin. Rigar tana riƙe zafi a ciki, tamostat ya riƙa yankewa da wuri kai kuma ba ka ji komai ba, don haka a cire ta in za a kunna. Bayan gyara, a sake aunawa kafin a rufe fata, a mayar da duk soket, sannan a haɗa batir. Tayar da inji ka gwada HI na minti goma hannunka yana bin wurin haɗin. In ya fi sauran wurare zafi, haɗin bai kama ba, a sake shi. HI na ɗumamawa ne da sauri, in ta yi ɗumi ka koma LO, kuma kada a bar shi kunne mota tana tsaye tana silo na dogon lokaci, yana sauke batir.