Baban yarona soja ne, mun rabu, ya bar min nauyin kuɗin asibiti: wa ta taɓa bin wannan hanya?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun rabu da baban yarona, soja ne, yaron kuma sikila ne. Duk sanda ciwon ya tashi sai an ba mu gado, wani lokaci har da ƙarin jini, kuma da ɗan ɗinkin da nake yi nake biya. In na kira shi sai ya ce yana daji. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan, ta ina ta fara?

Umman Hafsat: Allah ya ba shi lafiya. Fara bincika ko sunan yaron yana cikin inshorar ubansa. Sojoji suna da kamfaninsu na inshorar lafiya, DHML, a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, kuma tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Saki ke ya fitar, bai fitar da yaro ba. Amma ki kula da gurbin nan huɗu. Nawa tsohon mijin yana da uku da uwargidansa, da ta sake haihuwa sai ya zare 'yata ya sa jaririn. A wajen yankan kati na sani, yarinya na goye jikinta zafi rau.

Anti Bilki: Ni bariki na bi. Magajiya, wato shugabar matan bariki, ta kai ni gaban samanja, aka kira tsohon mijina, ya yi ta rantsuwa. Ya biya na ɗan lokaci, sai aka yi masa canjin wurin aiki. Can inda ya koma babu wanda ya san da maganar, don ba a rubuta komai ba.

Malam Sani: Hajiya Bilki, abin da ya same ki shi ke samun yawancinsu. Na yi aikin soja har na yi ritaya. Kwamanda zai iya yi wa sojan da ke ƙarƙashinsa faɗa, amma abin da ke bin soja duk inda aka kai shi takarda ce. Dokar sojoji ta yarda a cire kuɗin kula da yaro daga albashi in akwai umarnin kotu. Maman Sadiƙ, ki tabbata kina da lambarsa ta aiki da muƙaminsa da sunan bataliyarsa. Ki rubuta wa kwamandan wasiƙa, ki haɗa da kwafin hukunci, a buga miki hatimin karɓa a naki kwafin. Kada ki je bakin ƙofar bariki kina ɗaga murya, za su haɗe miki kai ne.

Hajiya Rabi: Kotun shari'a na je, kuma ban sha wuya wajen hujja ba. A Malikiyya riƙo yana hannun uwa, nafaƙa tana kan uba: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Inda ake barin mu a baya shi ne alƙali ya yanka kuɗin wata dunƙule, abinci da sutura, a manta da asibiti. Yaro mai sikila kuwa kwanciya ɗaya tana iya cinye kuɗin watan gaba ɗaya. Ki roƙi a rubuta magani daban, da wanda zai biya abin da inshora ba ta ɗauka. Ki tara rasit da takardar likita, ko na allura ɗaya ne. In babu kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Umman Hafsat: Hajiya, sammacin fa? Nawa ya yi ta yawo, wai yana fagen daga.

Hajiya Rabi: Ta hannun bataliyarsa aka kai nawa. Da kansa ya zo, cikin kaki.

Yaya Mairo: Ni dai kada ki sa rai da yawa, ƙanwata. Kotu gwargwadon ƙarfinsa take yankawa, kuma nawa bashin banki ya riga ya cinye masa albashi. Abin da aka yanka min bai kai kuɗin magani ba. Katin inshorar shi ya fi yi min amfani, shi ma sai da na dage aka mayar da asibitin yaron garin da muke zaune.