Tab ɗina ya daina gane fuskata, amma ya buɗe wa ƙanwata

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin waya ku agaza min. Ina da tab na Android da nake harkar atamfa da leshi da shi, hotunan kaya da lissafin masu bashi duk suna ciki. Ba shi da wurin ɗora yatsa, da fuska yake buɗewa ko lambar sirri. Shekara guda ina amfani da shi lafiya lau, da na ɗaga shi ya buɗe. Yanzu sati uku ke nan sai ya ga dama. Da rana a tsakar gida yakan buɗe bayan na gwada sau biyu ko uku, amma da asuba in babu wuta, ko na zaro ido kamar mujiya sai ya ce bai gane ni ba. Wani lokacin ma ba ya ko duban fuskar, lamba kawai yake tambaya.

Abin da ya fi ƙona min rai, jiya ƙanwata ta ɗauka za ta sa a caji, sai ga shi ya buɗe mata. Ni mai shi ya ƙi ni! Wani yaro ya ce in kai a yi masa filashin. In kai?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kai filashin tukuna. Filashin zai share komai, har da lissafin masu bashin nan, kuma bayan an gama zai nemi asusun Google da ke kai a da. In kin manta kalmar sirrinsa, kin sayo wa kanki wata wahalar. Ki faɗa min, a satuttukan nan an taɓa sikirin ɗin? Ke kuma akwai abin da ya canza a fuskarki?

Maman Biyu:
Ikon Allah, kamar kana gidan. 'Yan biyu sun yar da shi, gilashin kariya ya tsage, na aika aka manna sabo mai baƙin baki a gefe. Kuma watan jiya likita ya ba ni tabarau. Ranar da na yi rajistar fuskar ina ɗaki ne, ba hijabi, ɗankwali kawai.

Mai Gyaran Waya:
To Hajiya, ga ɓarawon nan. Ki kai tab ɗin wajen haske, ki karkata shi, ki dubi ɗan ramin kyamarar gaba da kyau. Yawancin gilasan nan masu baƙin baki ba a yanka su daidai da kowane tab ba, mai mannawa yakan ɗauko wanda ya yi kusa da girman ne kawai. Sai bakin ya hau kan kyamarar kaɗan, ko iska ta maƙale a wurin, ko gam ya bar dishi-dishi. Gwaji mai sauƙi: ki buɗe kyamarar gaba ki ɗauki kanki hoto. In kin ga gefe ɗaya ya yi duhu ko hoton ya yi hazo, magana ta ƙare, a cire gilashin a sa wanda aka huda masa wurin kyamara.

Sannan ki goge wurin da tsumma mai laushi, ba da bakin zani ba. Bayan haka ki shiga setin, sashen tsaro, ki share tsohuwar fuskar gaba ɗaya ki sake rajista. Ki yi ta a inuwa da rana, haske yana dukan fuskarki, kada ki ba taga baya. In Samsung ne, a wurin akwai damar ƙara kama ta biyu, sai ki yi ɗaya da hijabi kamar yadda kike fita. Akwai kuma wani maɓalli da ke ƙara hasken sikirin a cikin duhu don ya haska miki fuska, ki kunna shi saboda asubar nan.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ki riƙe maganar gogewar nan. Mu nan da hunturu ya shigo, ƙura takan haɗu da man da muke shafawa a hannu, ta yi wa kyamara wani irin danƙo. Nawa sai da na yi kwana huɗu ina zaginsa, ashe basilin ne.

Malamin Kwamfuta:
Bari in taɓa abu biyu da ba a amsa ba. Tambayar lamba da asuba ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. A ƙa'idar Android, buɗewa da fuska ta kyamara zalla ba ta cikin matakin tsaro mai ƙarfi, don haka in na'urar ta yi awa 4 a ajiye ba a taɓa ta ba, ko awa 24 ta wuce ba a sa lamba ba, sai ta nemi lambar. Kin kwanta ƙarfe goma kin tashi ƙarfe biyar, ai dole. Haka ma duk lokacin da aka kashe aka kunna.

Maganar ƙanwarki ce ta fi damuna. Irin wannan tab ɗin hoto kawai yake ɗauka ya gwada da wanda ya adana, ba ya auna tudu da kwarin fuska. Samsung da kansu sun rubuta cewa buɗewa da fuska bai kai lamba ko zane tsaro ba, kuma wanda ya yi kama da kai zai iya buɗewa. Ki duba lissafin: ke kin ƙara tabarau, ita kuma tana nan da fuskar gidanku ba tabarau, ta fi ki kama da ke ta bara. In akwai manhajar banki a ciki, ki tabbata tana da lambarta daban. Ki kuma kunna zaɓin da ke cewa sai ido yana buɗe, kada 'yan biyu su haska miki shi kina barci.

Baban Yara:
Wato Malam tab ɗin ya fi riƙe zumunci ke nan, duk ɗan gida nasa ne. Allah Ya kyauta.

Amaryar Bana:
Shi ya sa nake cewa a daure a sayi iPad. Nawa ko cikin duhun dare yana buɗewa, kuma na ji har da niƙabi yana gane mutum.

Malamin Kwamfuta:
Na duhu gaskiyarki ne, 'yar uwa. Face ID, wato tsarin gane fuska na Apple, yana watsa ɗigon haske sama da 30,000 wanda ido ba ya gani, ya zana siffar fuska, don haka bai damu da fitila ba. Amma ba kowane iPad ke da shi ba, sai iPad Pro daga na 2018 zuwa sama. Air da mini da yatsa suke buɗewa. Na niƙabi kuwa an haɗa miki zance: gane fuska da takunkumi Apple ya kawo shi a 2022 ga iPhone 12 da waɗanda suka biyo baya, bai zo wa iPad ba. Shi ma yana da nasa halin. In ka riƙe shi a kwance babban yatsanka ya rufe kyamarar, sai ya nuna maka kibiya. In ya kasa sau biyar, lamba zai nema. Kuma Apple sun ce tsakanin tagwaye, da 'yan uwa masu kama, da yara 'yan ƙasa da shekara 13, yana iya ruɗewa. Don haka Maman Biyu, in yaran suka girma ko shi ba zai raba miki gardama ba.

Hajiya Babba:
Ni dai 'yata, tunda na ga jikana ya buɗe wayar ubansa yana gyangyaɗi, na ce a cire min fuskar nan. Lamba shida, na rubuta a takarda na sa cikin adaka. Masu bashin kuma ki kwafe su a littafi yau ɗin nan, kafin yaran su sake yar da shi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauki hoton kamar yadda aka ce, wallahi rabin goshina a duhu yake, bakin gilashin ya hau kyamarar. An cire an sa farin da aka huda. Na share fuskar na sake, ɗaya da tabarau da ɗankwali, ɗaya da hijabi. Yanzu da na ɗaga yake buɗewa. Na kira ƙanwata ta gwada sau uku ya ƙi ta, har ta ji haushi. Da asubar yau ya tambayi lamba, na sa masa ban yi faɗa ba. Hajiya Babba, littafin ma na saya, kuma wajen kwafewa na tarar da wata da ta karɓi turmi biyu tun kafin azumi ba ta kawo ko sisi ba.